KURA DA SHAN BUGU: TARIHIN RIGAR SANYIN MASUNTA

Uwargida ran gida, da ke 'yar budurwa mai shirin shiga daga ciki, yau hirar tamu ta saƙa ce. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, leɓe ya soma tsagewa, za ki ga 'yan gwanjo sun kwance diloli sun baje rigunan sanyi, kowa na tono yana neman daidai shi da 'ya'yansa. To a cikin tulin nan ba kya rasa cin karo da wata suwaita mai kauri, fara ko ruwan madara, wadda aka yi wa ado da murɗaɗɗiyar saƙa kamar igiya, wani wurin kamar kitso, wani wurin kuma kamar saƙar zuma. Wannan saƙa tana da asali, kuma sunan da Turawa ke kiran ta da shi shi ne rigar masunta. Sai dai fa masunta sawa kawai suka yi. Masu saƙar su ne iyayensu mata da matansu da ƙannensu, kuma sawun waɗannan matan nake so mu bi.

Bari mu faro daga wata kalma da kike ji kullum a bakin yara. Rigar 'yan ƙwallon nan da suke damun ki ki saya musu, wadda suke ce wa jesi, ashe sunan wani tsibiri ne. A tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa akwai wasu 'yan tsibirai, manyan cikinsu su ne Jersey da Guernsey. Sun fi kusa da Faransa, amma sarautar Ingila suke bi. Tun cikin shekarun 1500 mutanen wurin suka yi suna wajen saƙar safa, ana kawo musu gashin tumaki daga Ingila su saƙa a fita da shi ƙasashen waje. Sana'ar ta karɓu har ta kai maza ma sun ajiye fartanya sun ɗauki kibiyar saƙa, abin da ya sa a farkon shekarun 1600 hukumar Jersey ta kafa dokar hana saƙa a lokacin girbi, don kada amfanin gona ya lalace kowa na zaune yana ƙirga ƙulli. Daga sunan Jersey aka samu jesi. Daga sunan Guernsey kuwa, a ra'ayin mafi yawan masana, aka samu sunan rigar masunta ta ainihi, wato gansi.

Gansi ba fara ba ce, shuɗiya ce mai duhu kamar an tsamo ta daga marina, kuma a cikin shekarun 1800 ta game duk garuruwan masunta na bakin tekun Ingila da Sikotilan, har ta ƙetara Holan. Kafin ki gane darajarta sai kin san irin wurin da ake sa ta. Sanyinmu na hunturu busasshe ne, kina shiga ɗaki ki hura gawayi shi ke nan. Nasu kuwa sanyi ne mai haɗe da ruwa da iska, mutum yana cikin ƙaramin jirgi ba rufi, igiyar ruwa na watsa masa ruwan gishiri dare da rana, hannu na jan koma. Rigar auduga in ta jiƙe a irin wannan wuri ta zama abokiyar gaba, don manne wa jiki take ta tsotse ɗumin mutum. Shi kuwa ulu na gaskiya yana iya shan laima kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba tare da jiki ya ji jiƙa ba, kuma ko ya jiƙe bai daina riƙe ɗumi ba. Na ce ulu na gaskiya domin yawancin zaren da muke saya a kasuwa muna yi wa jarirai hula da safa, sunan ulu kawai gare shi, na roba ne. Tumakinmu ma, 'yan ƙasa da uda da balami, gashinsu ba irin wanda ake kaɗawa ba ne. Nasu tumakin ƙasar sanyi gashinsu cunkus yake, duk shekara ake yi musu aski.

Yanzu ki saurari yadda ake saƙa ta, domin a nan ne hankalin matan ya fito fili. Zaren siriri ne, silli biyar aka murɗe wuri guda, kibiyoyin kuma na ƙarfe ne sirara masu tsini gaba da baya, guda huɗu ko biyar. Ana tsuke saƙar sosai yadda iska ba ta samun ƙofa, ruwa kuma sai dai ya gangare. Zagaye ake saƙa ta tun daga ƙugu kamar yadda ake saƙa hula, saboda haka babu ɗinkin gefe balle ya farke. A hammata suna saƙa wani ɗan ƙari mai kusurwa huɗu, don in mutum ya ɗaga hannu zai ja igiya kada rigar ta tattare ta bar masa ciki a waje. Hannun rigar daga kafaɗa ake faro shi a gangaro ƙasa. Kin san dalili? Bakin hannu da gwiwar hannu su ke fara cinyewa, to in sun cinye sai matar ta warware daga ƙasa zuwa inda ya mutu, ta sake saƙa sabo, ba sai ta taɓa sauran rigar ba. Kuma da gangan ake rage tsawon hannun kaɗan, don kada bakinsa ya jiƙe ya riƙa goge wuyan hannu, ko ƙugiya ta kama shi. Da yawa gabansu da bayansu iri ɗaya ne, mai gida ya tashi cikin duhun asuba ya zura ta ko ta ina, in gaban ya soma kwana biyu a juya baya ya koma gaba. Ko maɓalli ba a cika sa mata ba sai a wuya, don kada ya sarƙe da koma.

Duk wannan dabara babu wani kamfani da ya zana ta, babu makarantar da aka koyar. Mace ce ta duba inda rigar mijinta ke yagewa bana, ta gyara a ta baɗi, 'yarta ta gani ta ɗauka. Wadda duk ta taɓa zama tana yi wa wandon makarantar yaro faci a gwiwa har sau uku ta san irin wannan tunani.

Adon kuwa yawanci a ƙirji da kafaɗa ake zuba shi, kuma ba don kwalliya kaɗai ba, domin saƙa mai tudu da kwari ta fi kauri, ta fi riƙe ɗumi a inda ake bukata. Abin da idonsu ke gani kullum shi suke kwaikwaya: igiyar jirgi, idon koma, tsani, ƙashin bayan kifi, ƙugiyar tsayar da jirgi. Akwai wani da ya fi ba ni dariya, layi biyu ne a jere suna tafiyar maciji, su hau tare su sauka tare, wai shi layin aure. Kin ji fa, ashe zo mu zauna zo mu saɓa ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Namiji yakan mallaki ta aiki, da kuma ta ado wadda yake sawa ran Lahadi ko ran biki, budurwa kuma takan saƙa wa saurayinta wadda zai sa ranar aure. Riga guda takan ci makonni, alhali ba zama suke su yi ta a huce ba. Suna ɗaura wata 'yar jakar fata ko ɗan itace mai rami a ƙugu, su soke gindin kibiya ɗaya a ciki don hannu ya samu sauƙi, sai ki ga mace tana tafe da kwando a baya hannuwanta na ta aiki.

Waɗanda suka fi yaɗa waɗannan zane-zane su ne 'yan matan kifi na Sikotilan. Akwai wani kifi da Turawa ke kira herin, shi ne wanda masu kifin ƙanƙara ke sayar mana da sunan shawa. Garke-garke yake tafiya, yana bayyana a arewa wajen tsibiran Shetland da farkon bazararsu, ya yi ta gangarowa kudu har zuwa garuruwan Great Yarmouth da Lowestoft na Ingila da kaka. Jiragen masunta na bin sa ta ruwa, dubban 'yan mata kuma na bin jiragen ta ƙasa, gari zuwa gari, da 'yan akwatunansu. Uku-uku suke aiki, biyu na farke cikin kifi, ɗaya na jera shi a gangar katako tana barbaɗa gishiri. A tsaye suke wuni a fili cikin iska, sun naɗe yatsu da tsumma saboda kaifin wuƙa da zafin gishiri a kan rauni, kuma gwanar cikinsu kan gyara kifi kusan sittin a minti ɗaya. A shekarar 1907 kaɗai ganga miliyan biyu da rabi aka cika a Sikotilan, akasari aka kai Jamus da Rasha. To su waɗannan 'yan mata, da zarar jirage sun yi jinkirin dawowa, sai kowacce ta zaro saƙarta. In ta hangi wani zane a jikin masuncin wani gari ya burge ta, sai ta ƙura masa ido ta haddace, ta koma gida da shi. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Can a Shetland ɗin da suke farowa, matan tsibirin sun daɗe suna saƙar sayarwa, safa da mayafi da rigunan ciki, amma ba kuɗi ake ba su ba. Mace ta kai saƙarta kanti, sai mai kanti ya ce ta ɗauki ganyen shayi ko yadi a madadin ladanta, shi ya yanka wa saƙar farashi, shi kuma ya yanka wa shayin. In kuɗi take bukata sai ta bi gida-gida ta karyar da shayin. Abin ya yi ƙamari har gwamnati ta aika aka yi bincike a 1872, mata suka zo suka faɗi abin da ke cikinsu aka rubuta, amma duk da haka an daɗe ana wannan cuta bayan binciken. Duk wadda ta taɓa ɗinka hula wata guda cur, dillaliya ta karɓa ta dawo tana cewa kasuwa ba daɗi, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Teku kuwa ba ta da sabo. Ranar Juma'a 14 ga Oktoba 1881 guguwa ta tashi a gabashin Sikotilan ta hallaka masunta 189, daga cikinsu 129 'yan wani ƙaramin gari ne guda mai suna Eyemouth. Wasu jiragen a bakin gari suka tarwatse, matansu da 'ya'yansu na tsaye a gaɓa suna kallo ba yadda za su yi. Allah sarki. Irin wannan rayuwa ce ta haifi labarin da ya fi kowanne shahara game da rigar masunta, wai kowane gida da nasa zanen kamar tsagen gado, don in teku ta turo gawa bayan kwanaki fuska ta lalace, a duba rigar a san ko ɗan gidan wane ne. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma duk mai sayar da rigar ya iya shi. Amma da masu bincike suka bi diddigi, irin su Richard Rutt wanda ya fitar da littafin tarihin saƙar hannu a 1987, ba su samu shaidar cewa an taɓa yin wannan tsari na zanen dangi ba. Yo ta yaya zane zai zama na gida ɗaya, bayan 'yan matan kifi suna kwasarsa daga wannan gari zuwa wancan? Abin da ya tabbata shi ne wasu matan sukan saƙa haruffan farko na sunan mai rigar a wajen ƙugu, kuma mace tana gane aikin hannunta ko a cikin dubu, kamar yadda kike gane kitsonki a kan yarinya ko daga nesa.

Ana kyautata zaton tushen labarin wani wasan kwaikwayo ne da wani marubucin ƙasar Ailan, J. M. Synge, ya rubuta aka fara nuna shi a 1904. A cikin wasan an tsinci gawar wani saurayi a can nesa, aka aiko wa gidansu da 'yan tufafin da aka samu a jikinsa, sai ƙanwarsa ta ɗauki safar ta ƙirga saƙar, ta gane ita ta yi ta, saboda wasu ƙulli huɗu da suka suɓuce mata. Kin ga safa ce ba riga ba, kuma kuskuren hannu ne ya nuna shi ba zanen dangi ba.

Wannan wasa a tsibiran Aran aka kafa labarinsa, kuma can ne mahaifar farar rigar nan da muka faro da ita. Tsibirai ne uku a yammacin Ailan, a bakin tekun Galway, duk falalen dutse, har ƙasar noma ma sai sun haɗa yashi da ciyawar teku suke samu. Talauci ya yi musu katutu, samari na ta gudu Amurka. A 1891 gwamnati ta kafa wata hukuma don taimakon irin waɗannan yankuna, ita ta kawo masunta daga wasu wurare, har da Sikotilan, don su koya wa mutanen sabuwar hanyar kamun kifi da adana shi, ta nan gansi ta samu shiga. Matan Aran suka karɓa suka juya ta yadda suke so. Suka yi amfani da zare mai kauri na tumakinsu wanda ba a rina ba, wani lokaci ma ba a wanke maiƙonsa duka ba don ya riƙa tare ruwa, suka cika ta da ado tun daga wuya har ƙugu. Farar ma da farko yara maza aka fi saƙa wa don bukukuwan coci. Wato dai rigar Aran kamar yadda aka san ta yau, a farkon shekarun 1900 aka haife ta.

A 1930 wata mata mai suna Muriel Gahan ta buɗe kanti a Dublin don sayar da aikin hannun matan karkara, kuma cikin 'yan shekaru rigar Aran ta shiga kantin. A nan ne wani ɗan kasuwar zare haifaffen Jamus, Heinz Kiewe, ya ga guda a 1936 ta tafi da hankalinsa. Maimakon ya je ya tambayi matan da suka yi ta, sai ya zauna ya ƙaga mata tarihi, wai ta haura shekara dubu, wai kowane zane da ma'anarsa ta addini, har ya rubuta littafi a kai a 1967. Alhali kuwa saƙar kibiya mafi tsufa da aka tono a duniya a Masar aka same ta, safunan auduga ne masu fari da shuɗi na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, daga baya ne sana'ar ta bazu a Turai. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Daga shekarun 1950 aka fara fitar da rigar Amurka da yawa, ana raba wa mata zare a gidajensu, a koya musu awo irin na kanti, a zo a karɓa a biya su kan kowace riga. Sai kuma a 1961 wasu mawaƙa 'yan Ailan, 'yan'uwan juna da ake kira Clancy Brothers, suka fito a wani shahararren shirin talabijin na Amurka sanye da fararen rigunan, waɗanda mahaifiyarsu ta aiko musu saboda ta ji labarin sanyin New York. Shi ke nan kasuwa ta buɗe, 'yan fim suka ɗauka, masu kuɗi suka ɗauka. Amurkawa miliyoyi jikokin 'yan Ailan ne masu begen gida, sai 'yan kasuwa suka gano lagonsu: faɗi sunan kakanka a ba ka zanen danginku, har da takardar shaida. Zanen da aka ƙirƙira jiya, a ce maka na kakan kakanka ne.

A yi adalci dai, ba za a ce kasuwar nan ba ta amfani matan ba. A gidan da mai gida ke Ingila yana leburanci, ko teku ta cinye shi, 'yan kuɗin saƙa su ne sukari da takalmin makaranta, kuma irin su Muriel Gahan da niyyar taimako suka shigo. Abin da ke ci mini rai shi ne, riga guda ana ƙiyasta tana ɗauke da ƙulli wajen dubu ɗari, ladan da ke isa hannun mai saƙar ɗan kaɗan ne a kan abin da ake sayar da ita a birni, sannan ko a labarin ma an yi mata ƙwace. Basirar da ta fito daga kan matan ƙauye waɗanda a lokacin suna raye ana iya zuwa a gaishe su, an ɗauke ta an ba wasu kakanni na shekara dubu da ba su san an yi ba, don dai an ga tsohon labari ya fi kawo kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kuwa gansi shuɗiya, mutuwarta tare da sana'ar ta zo. Yaƙin duniya na farko a 1914 da juyin mulkin Rasha na 1917 suka karya kasuwar kifin gishiri, kifin kansa ya yi ta raguwa saboda yawan kamu har aka hana kama shi a Tekun Arewa a 1977 na wasu shekaru, masunta kuma suka koma sa rigunan roba na kamfani masu saurin bushewa. Yawancin farare masu igiya da ake sayarwa yanzu inji ne ya yi su. In kina son ganewa, juya cikin rigar ki duba gefe da hammata, sannan ki dubi ƙullin, na inji kansu ɗaya kamar an auna, na hannu kuwa ba ya rasa 'yar alamar inda mai shi ta gaji ko yaro ya kira ta. Har yanzu akwai masu yi da hannu a Ailan da Sikotilan da Ingila, sai dai da tsada, gidajen tarihi kuma sun shiga tattara tsofaffin da suka rage. A 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha na New York ya aro wata rigar Aran ta shekarun 1940 daga gidan tarihin Ailan, ya jera ta cikin tufafin da suka yi tasiri a duniya.

Yawancin zanen gansi a ka suke, ba a rubuce ba, da sun bi masu su kabari in ba don wata mata Gladys Thompson ba. Ita ce ta riƙa bin garuruwan bakin teku tana tsayar da masunta tana ƙirga saƙar jikinsu, tana shiga gidaje tana tambayar tsofaffi, ta fitar da littafi a 1955. A cikinsa akwai wani zane daga garin Seahouses na arewacin Ingila da ta rubuta da sunan mai shi, kuma masu saƙa a ƙasashe da dama suna yin sa har yau suna kiran sa zanen Misis Laidlaw. Laidlaw ɗin ma sunan gidan mijinta ne.